Yadda Za Ka Mulki Ofis da Lambar Oga

Ka gaji da zama a teburin kusa da banɗaki, kowa na aikenka? Bi matakan nan. Na lamunce maka, kafin wata ya mutu duk ofis zai bi umarninka.

Mataki na 1: San halin saba

Saba ita ce kwamfutar nan mai gurnani a ƙaramin ɗakin bayan injin fotokwafi, inda kowa ke ajiye fayilolinsa. Ba ta san sunan kowa ba, lamba kawai ta sani. In ka ajiye fayil, kwamfutarka ta faɗa mata lambarka, ita kuma ta duba mai wannan lamba a wurinta, ta manna sunansa. Ba ta kallon fuska, ba ta tambayar asali. Ina ma surukai haka suke.

Mataki na 2: Ari lambar Oga

Kai wa mai kula da kwamfutoci shayi, ka yabi sabuwar wayarsa. Sai ka ce kamar da wasa, "Injiniya, wai shi Oga wace lamba ce tasa?" Koma ka mayar da ta kwamfutarka irin tasa. Shi ke nan, a idon saba kai ne Oga.

Mataki na 3: Fara mulki a hankali

Banda zalama. Ajiye sanarwa a foldar kowa da kowa cewa fankar tsaye ta koma kusa da banɗaki. In ta zauna, ka saki ta biyu: daga yau a tashi aiki da rana tsaka. Oga ba zai musa ba, don shi ma ba ya tuna abin da ya rubuta. Sakatariya za ta ce, "Yallaɓai, Allah ya saka da alheri." Zai gyara zama ya ce, "Ai kullum da ku nake kwana a rai."

Mataki na 4: Ci gaba da aikinka

Rahotanni, tsare-tsare, duk abin da ka sha wuya a kansa, zuba shi a saba. Kada ka damu da mayar da tsohuwar lambarka. Manya ba sa komawa baya.

Mataki na 5: Ranar rage ma'aikata

Baƙi za su zo daga hedkwata, su buɗe saba don ganin wa ke aiki. Sunan Oga zai cika allo. Naka, ko fayil ɗaya babu.

Babbansu zai cire tabarau ya ce, "Malam, me kake yi mana a nan tun bara?"

In ka ce kai ka rubuta rahotannin, to kai ka rubuta sanarwar tashi da rana tsaka. Saboda haka ja bakinka ka yi shiru, ka tafa wa Oga da aka ƙara wa girma, ka ɗauki kofinka. Fankar ta ofis ce, bar ta.

Gargaɗi

Duk abin da ya same ka, babu ruwana, ban ma san ka ba. In kana neman wanda za ka kai ƙara, duba sunan da saba ta manna wa wannan fayil ɗin. Na Oga ne.