Ranar da Mai Girma Ya Ci Yaƙin Marengo

Jama'a, ku taya ni murna, jiya Asabar na ga Mai Girma da idona. Kafin in samu wannan alfarma sai da na taka da ƙafa daga gida har zauren unguwa, domin tun hantsi aka rufe titinmu saboda motocinsa goma sha biyu. An shafa wa gefen titin farin fenti. Ramukan kuwa an bar mana su yadda suke, wataƙila don kada mu yi kewarsu.

Mu shida ne, duk mun yi ritaya, muke haɗuwa kowace Asabar a wani ɗaki na zauren unguwarmu a nan birnin Tunis. Wasanmu na sojojin dalma ne, ƙanana kamar ɗan yatsa, da hannunmu muke yi musu fenti. Mu jera su a tebur, mu auna tafiyarsu da tef ɗin tela, sai ƙwayar lido ta yanke hukuncin wanda harbinsa ya samu. Matata Lella Wasila ta ce mun tsufa mun koma yara, ban kuwa taɓa yi mata musu ba.

Yaƙin da muka fi maimaitawa shi ne na Marengo, inda Faransa ta kara da Ostiriya. A tarihi Faransa ce ta ci. A teburinmu ma haka abin yake shekara goma sha ɗaya, domin Si Mongi, tsohon direban jirgin ƙasa, shi ke riƙe da Ostiriya, kuma ƙwayar lido ba ta ƙaunarsa ko kaɗan. Muna da allo a bango. Dokarmu ita ce, duk wanda hannunsa ya yi jifan da ya ƙare yaƙi, sunansa ake rubutawa. Har ni da ban iya komai ba na hau allon sau huɗu. Si Mongi ko sau ɗaya. Ga shi idonsa ya yi rauni, ba ya bambance nasa sojojin da na abokan gaba sai ya sunkuya, ya riga ya gaya mana wannan ne yaƙinsa na ƙarshe.

To, a wannan karon Allah ya dube shi. Asabar uku yana yi wa Faransawan Si Belgasim, tsohon malamin lissafi, zobe a hankali. Jiya saura jifa ɗaya tak. In biyar ko shida ta fito, igwoginsa sun gama da su.

Me ya kawo Mai Girma? Ƙaddamar da gyaran rufinmu, karo na uku. Shekara bakwai rufin yana yoyo, har mun daina tara bokiti, muka matsar da tebur yadda ruwan zai riƙa sauka daidai kan rafin filin yaƙi. A faɗi gaskiya, babu 'yan wasan da ke da rafi mai ruwan gaske irin namu, kuma hukuma ce ta ba mu shi kyauta.

Si Mongi ya hura ƙwayar, yana girgiza ta a tafin hannu, sai ƙofa ta buɗe. Masu hoto, masu riƙe jaka, mai riƙe wa mai jaka waya, ga kuma Sarkin Yanke Ƙyalle da kansa, ƙamshin turarensa ya danne na shayinmu.

"Iyayena, me ake yi haka?" in ji shi.

"Yaƙi muke, ranka ya daɗe," na ce.

"Madalla! Baba, kawo in gwada." Ya miƙa wa Si Mongi hannu, fuskarsa na kallon masu hoto.

Na yi tari. Si Belgasim ya yi tari. Amma mutumin da ya shekara arba'in yana aikin gwamnati, hannunsa kan bi umarni kafin kansa ya yi shawara. Si Mongi ya miƙa.

Mai Girma ya jefa. Ƙwayar ta ture wani ɗan doki, ta tsaya a bakin rafi. Shida.

Aka yi tafi. Ya tambayi wa ya ci, aka ce shi ne. Ya ce wannan ya nuna abin da jajircewa ke haifarwa, ya yanke ƙyallen da aka ɗaura a jikin tsani, ya fice. Ko ɗaga kai bai yi ya dubi rufin ba.

Muka juya muka dubi allo. Can Si Belgasim ya ɗauki burushi ya ce, "Mongi, kai ka ci ni, wallahi kai ka ci. Sunanka zan rubuta. Wa zai sani?"

"Ni zan sani."

"Haba Mongi, bar taurin kan nan!"

"Wa ya kafa dokar? Ba ni ba ne? Shekarar da abokin wasanmu Hedi ya jefa maka, sunan wa muka rubuta? Ba ni burushin."

Ya manna fuska a jikin allo don ya ga layi, ya rubuta sunan Mai Girma da muƙamansa duka. Layi uku suka ci. Ni dai tausayi ya kama ni, na juya na yi kamar ina neman sukari. Da ya gama, ya kwashe fararen sojojinsa ɗaya bayan ɗaya ya jera a kwalin dabino, ya miƙa mini ya ce in riƙa share musu ƙura.

Muna fitowa aka fara yayyafi. Na leƙa ta taga na ga rafinmu ya soma cika.

Don haka masu cewa Mai Girma bai taɓa kammala komai a unguwar nan ba, ku iya bakinku. Ga sunansa can a allo, ina da shaidu biyar. Aiki ɗaya ya gama cikin shekara bakwai, shi ma Si Mongi ne ya shekara goma sha ɗaya yana yi masa.