Tsummokaran da Na Ƙona a Ɗakin Baba

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa ina so in manta, da ranar sadakar arba'in ta mahaifina a Salaga. Ranar ce na tsaya gaban mutane sun fi ɗari, da fayil a hammata da biro biyu a aljihu, kowa ya gane cewa duk gidanmu babu wanda ya kai ni karatu, kuma babu wanda ya kai ni wauta.

Baba fatoma ne, wato mai saukar fatake. Masu shanu daga Bawku, masu hatsi daga Yendi, duk a zaurenmu suke kwana in sun zo kasuwa. Ni dai ban tashi a gidan ba. Ina shekara bakwai kawuna ya ɗauke ni zuwa Tamale, can na yi makaranta, can na samu aikin kula da sito a wata ma'aikata. A siton nan ko tsintsiya sai da na ba ta lamba, kuma ina alfahari da hakan.

Wajen ƙarshen shekarun alif ɗari tara da tamanin Allah ya yi wa Baba rasuwa. Ya bar gida da tsohuwar motar ɗaukar doya, kuma aka ce ba za a canza sunan da ke takardunsu ba sai da izinin kotu. Ni ne babban ɗa, ni ne mai Turanci, sai aikin ya faɗo kaina. Akawun kotu ya ce in rubuto duk abin da mamaci ya bari, in zo in rantse a kai. Wallahi har a cikin makoki sai da na ji wani ɗan daɗi, an ba ni abin da na iya.

A bayan zaure akwai wani ɗaki da kullum yake kulle. Makullinsa na hannun Gwaggo Azumi, yayar Baba, wadda ta daɗe a gidan, idonta kuma ya yi rauni ƙwarai. Tun rasuwar take kwance ba lafiya. Da ta miƙo min makullin ta ce, “Ka shiga da bismilla, ka bar komai yadda ka same shi.” Na ce to. (Irin “to” ɗin da ɗan boko yake ce wa tsohuwa.)

Na buɗe ɗakin na saki baki. Akwatunan ƙarfe har kusan rufi, tasoshin tagulla, keken ɗinki, buhuna ɗinkakku, rediyoyi, gafakokin littattafai. Na ce ashe Baba attajiri ne yake yawo da riga biyu! Abu ɗaya ne ya ɓata min rai. Kowane kaya da ɗan tsumma ɗaure a jikinsa, wani na atamfa, wani na saƙi, wani ya koɗe har ba ka gane launinsa. Na ce wannan ƙazanta ba za ta shiga takardar kotu ba. Na sa reza na yanke su kaf, na share, na ƙona a bayan gida. Sannan na sayo farin fenti na bi kayan da lamba, daga ɗaya zuwa arba'in da ɗaya. Na buga jerin a tafireta, na koma Tamale, na ɗora hannu a kan Alƙur'ani na rantse cewa wannan duka dukiyar mahaifina ce.

Ranar arba'in zaure ya cika, tabarmi har bakin hanya. Baƙi sun zo daga Yendi da Bawku da ƙauyukan da ban taɓa jin sunansu ba. Bayan addu'a Liman zai fara maganar rabon gado, sai na nemi a bar ni in karanta jerin kaya tukuna, “don komai ya tafi bisa tsari”. Babu wanda ya roƙe ni. Na miƙe, na gyara murya, na fara.

Ina kai wa “Lamba tara, keken ɗinki guda ɗaya,” sai wani dattijo dogo ya ɗaga hannu. Alhaji Seidu ne, mai shanu daga Bawku, aminin Baba.

“Yaro, tsaya kaɗan. Wannan keke ba na babanka ba ne. Na matana ne. Shekaran da garinmu bai zaunu ba na kawo shi nan ajiya.”

Na yi murmushin ma'aikata na ce, “Alhaji, akwai takarda?”

Ya ce akwai. Ya zura hannu cikin riga ya ciro 'yar jakar fata, ya kwance ta a hankali, ya fito da ɗan tsumma shuɗi wanda bai fi yatsa ba. Kafin in ce wani abu, na ga hannuwa suna shiga aljihu ko'ina a zauren. Wannan ya ciro daga hula, wancan daga cikin laya, mata suna kwance bakin zane. Cikin minti ɗaya mutum fiye da talatin suna riƙe da tsummokara a sama.

Liman ya ga na tsaya kamar gunki, sai ya yi min bayani a hankali. Ya ce ɗakin nan ɗakin amana ne. Duk wanda ya kawo wa Baba ajiya, sai a yagi bakin rigarsa ko zanensa, a ɗaura rabi a jikin kayan, shi ya tafi da rabi. Ran da ya dawo, ko ɗansa, ko jikansa, sai a haɗa yagar. In ta haɗu, kaya nasa ne. Ya ce, “Ba a raba gadon mamaci da amanar mutane a wuyansa. Buɗe ɗakin a sauke wa mahaifinka nauyi.”

Na je na buɗe ƙofar ɗakin. Aka riƙo Gwaggo Azumi ta fito. Ta shafa akwatin farko, ta shafa mariƙinsa, ta koma na biyu, ta koma na uku. Sai ta tsaya.

“Ina ƙyallayen?”

Na ce, “Gwaggo, na... na gyara ɗakin ne.”

“Ina ƙyallayen, na ce?”

“Na ƙona su.”

Wani ya ce “Innalillahi” can ƙasa-ƙasa. Babu wanda ya zage ni, kuma wallahi da zagin aka yi da ya fi min sauƙi. Shekara arba'in Baba yana riƙe kayan mutane ko allura ba ta ɓace ba, ni na zo da reza na ruguza komai a yini ɗaya, kuma na rantse da Alƙur'ani cewa kayan mutane nasa ne. Gumi ya jiƙe fayil ɗin da ke hammatata.

Gwaggo ta ce a kawo mata kujera. Ta zauna a bakin ƙofa, ta miƙa hannu ta ce, “Seidu, ba ni naka.” Ta murza ƙyallen tsakanin yatsunta, ta ce, “Keke, da tasa babba mai lotsawa a gefe. Da damina ka kawo su, ranar da motarku ta maƙale a laka.” Alhaji Seidu ya ce, “Haka ne, wallahi.” Na gaba ya miƙa nasa. Ta murza, ta kira sunan ubansa, ta ce buhu na uku daga bango, mai ɗinkin jan zare. Ashe ita take ɗaura ƙyallayen da hannunta duk shekarun nan.

Haka ta yi ta yi har rana ta karkata. Tsohuwar da ba ta ganin fuskar wanda ke gabanta, ba ta san harafi ko ɗaya ba, tana faɗin kaya da mai shi da lokacin da aka kawo, ba ta yi kuskure ko sau ɗaya ba. Su ma masu kayan sun ba ni tsoro. Akwai wanda na miƙa wa rediyo mai kyau bisa kuskure, ya ture ya ce nasa shi ne mai fasasshen murfi. Ni kuwa an mayar da ni ɗan dako, ina fito da kaya ɗaya bayan ɗaya, kowanne da farar lambata ɓaro-ɓaro a jiki.

Daga ƙarshe saura mace ɗaya, wata matashiya daga Yendi mai suna Sanatu. Ta durƙusa ta miƙa nata ƙyallen, ta ce, “Mma na ya mutu bara. Shi ya ba ni wannan, ya ce akwati na yana Salaga.” (Mahaifiyarta take nufi. Hausar Yendi ke nan, ba ruwanta da mace ko namiji.) Ba ta taɓa ganin akwatin ba, ba ta san abin da ke ciki ba.

Gwaggo ta murza ƙyallen ta daɗe. Sannan ta girgiza kai ta ce, “Wannan ba ni na ɗaura ba. Shekarar da na tafi Makka aka kawo shi.”

Akwatuna huɗu suka rage a ɗakin, iri ɗaya sak, duk a kulle. Sanatu ta fara share hawaye da bakin mayafi. Ni na ja mata wannan. Na ji ina ma ƙasa ta tsage in shige.

Sai Gwaggo ta ce, “Liman, ka zama shaida, yau za a yi abin da ba a taɓa yi ba, za a fasa kwado.” Aka fasa na farko, ta ce kada kowa ya taɓa kayan ciki, a duba bayan murfi kawai. Ga wani ɗan ƙyalle nan an soke shi a jikin murfin. Aka gwada, bai haɗu ba. Aka fasa na biyu. Liman ya ɗora ƙyallen Sanatu kusa da na cikin, yagar ta haɗu zare da zare, furen atamfar ya cika. Zaure ya ɗauki kabbara. Sanatu ta ciro zanen da ke sama ta kai hanci, ta fashe da kuka tana yi wa Baba addu'a da yarensu na Dagbanci. Ni ma kukan nake yi, ba kunya.

Na ce, “Gwaggo, wannan na cikin fa?”

Ta ce, “Ubanka kashi uku yake yaga ƙyalle. Ɗaya ga mai kaya, ɗaya a waje, ɗaya a ciki kafin a kulle. Ya ce ɓera na iya cinye na waje.” Ta juyo da fuskarta inda take jin muryata. “Bai dai san ɓeran zai zo daga Tamale da digiri ba.”

(Ba ni da digiri. Amma ban ga fuskar yin gyara ba.)

A ranar aka sauke wa Baba amanarsa, sauran akwatunan uku ma aka gano masu su daga baya. Cikin kaya arba'in da ɗaya, biyar ne kacal nasa. Na yi kaffarar rantsuwata, na koma kotu da sabon jeri wanda bai cika rabin shafi ba. Akawun ya dubi tsohon ya dubi sabon, ya ce, “Ɓarayi ne suka shiga?” Na ce a'a, masu kaya ne suka zo.

Na yi shekara talatin ina kiran mutumin nan Baba, amma sai da ya kwana arba'in a kabari na san wanda ya haife ni. Abin da na koya kuwa ba shi da yawa: in tsohuwa ta ce ka bar abu yadda ka same shi, ka bar shi. Yau matata tana ƙorafin cewa ko igiya aka ɗaura wa ƙafar kaza, ba na kwancewa sai na zagaya unguwa na tambayi wanda ya ɗaura.