Sha Bakwai Ga Wata, Ranar Da Komai Ya Faru

Jiya na fita da sassafe da takardar jarrabawar 'yata a aljihu. Hatimi ɗaya ya rage mata daga ofishin nan na bayan kasuwa, kuma ƙarfe huɗu za a rufe karɓa. Yarinyar nan shekara guda ba ta ɗaga kai daga littafi ba, likita take son zama. Uwarta ta rako ni har ƙofa tana cewa, "Malam, in ka dawo ba hatimi, kai za ka yi mata bayani da bakinka."

Na isa ofis na tarar da wani ƙaton kwaɗo a ƙofa. Mai gadi na zaune yana goge takalmi.

"Baba, lafiya? Rasuwa aka yi?"

"Haihuwa aka yi," in ji shi. "Yau sha bakwai ga wata, Ranar Tarihi. Duk ma'aikata suna bakin kogi."

Laifina ne, jama'a. Na manta a rana irin ta jiya aka haifi Mai Girma Uban Alkawari, Sarkin Almakashi. Takardunsa uku sun saɓa a kan shekarar, amma cikin ikon Allah duk sun yarda da ranar.

Na nufi bakin kogi a ƙasa, don an kwashe motocin haya kaf an tura su ɗauko masu tafi. Man fetur ɗin da muka yi sati biyu muna bin layinsa ashe yana nan lafiya, hutawa yake yi kafin ranar. A hanya na ci karo da maƙwabcina tela, ya saɓo wani jan labule a kafaɗa.

"Maƙwabci, aure ake yi?"

"Labulen buɗe allon gadar kogi ne. Wannan shi ne na tara da na ɗinka. Ni duk garin nan ba wanda ya kai ni son gadar nan, in dai ba za a gina ta ba."

Da muka isa, wani mai babbar murya ya kama lasifika yana karanto tarihin ranar. A rana irin ta yau, shekara tara da suka wuce, Mai Girma ya aza harsashin gada. A rana irin ta yau, shekarar da ta biyo, ya sake azawa, domin ruwa ya yi rashin kunya ya tafi da na farko. Daga nan aka kafa kwamitin neman na biyu. Kwamitin ya tafi ƙasar waje ganin yadda gadoji ke tsayawa, mutum biyu daga ciki har yanzu suna can suna gani. Shekara huɗu baya aka raɗa wa gadar suna. Bara aka yi mata fenti a takarda. Bana kuwa za a buɗe allon da ya jera sunayen sauran allunan. Wace ƙasa ce ke da rana ɗaya mai albarka haka? Wasu sai su yi shekara ɗari ba su tara tarihin da muke tarawa kafin azahar ba.

Kusa da ni Inna ungozoma ce tsaye da sandarta, tsohuwar da ta karɓi haihuwar rabin unguwarmu. Ta taɓe baki ta ce, "Ba su karanta na mai kwale-kwale ba."

"Wanne, Inna?"

"Rana irin ta yau, shekarar ambaliya. Sawu goma sha ɗaya ya yi yana kwaso mutanen tsallake, ruwa na cin gidaje. A sawu na ƙarshe wata ta haihu a hannuna, cikin jirgin, shi yana tuƙi ya juya mana baya."

Na duba, sai ga tsohon can. An sa shi ya ja jirginsa bayan ciyayi kada ya ɓata hoto, mutane kuma sun yi layi a ɓoye suna jiran ya tsallakar da su.

"Jaririn ya rayu, Inna?"

"Ga shi can riƙe da sandar kyallen godiya, mai tumbin nan."

Ashe mai hatimin ofishin nan ne. Na gaya mata abin da ke tafe da ni. Sai ta ratsa 'yan sanda kamar masu gadin gidanta, ni ina biye.

"Kai, ina hatimin?"

"Inna, yana aljihu, amma yau hutu ne. Kuma in na saki sandar nan aikina ya tafi."

"Ni na yanke maka cibiya, ranar ban ce hutu nake ba. Ba shi ya riƙe."

Haka na karɓi sanda. Babu tebur, sai ya shimfiɗa takardar a bayana, ya hura wa hatimi iska, ya kirɓa mini shi tsakanin kafaɗu da ƙarfin mutumin da aka kunyata. Na wage baki don zafi. Daidai lokacin mai hoto ya danna.

Huɗu saura minti goma na miƙa takarda, gumi har cikin takalmi. 'Yata za ta zauna jarrabawa. Da na koma gida ta karɓi shaidar da hannu biyu, ta shige ɗaki tana share ido.

Yau da safe sai ga ni a jarida, baki buɗe, riƙe da kyalle mai cewa "Mun Gode Da Gada". A ƙasa an rubuta: talaka ya fashe da kuka don murna. Don haka ina roƙon jama'a, don Allah a daina yi mini sallama. Ban san kowa a sama ba. Tun safe mutum uku suka zo in haɗa su da manya, na ukun surukina ne, kuma ya tafi yana fushi wai na samu wuri na manta da dangi.