Yadda Na Sace Iskar Tayoyinmu

Ni na kawo shawarar mu hau kekuna daga Sabo mu je shan iska fadamun bayan Akinyele, don haka ni ne jagora. Cikin tawagar har da yayan matata, Yaya Sani, wanda dama bai taɓa yarda ina da hankali ba.

Muna isa bakin rafi, inda ƙasa ta fara laushi, na ɗaga hannu aka tsaya. Na yi musu bayani cewa ƙwararru rage iskar taya suke yi a taɓo, na gani a bidiyo. Da hannuna na bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya, garin ragewa na sace su sarai.

Yaya Sani ya danna tayarsa da yatsa, ya ce, "To, Oga, ina famfon?"

Famfon yana gida. Na ga ya yi nauyi, na saka fulas ɗin shayi a madadinsa.

A bayan motar rogo muka dawo Sabo. Har yau, ko tayar baro ce ta sace a unguwa, sai an tambayi matata ina na je jiya.