Rasuwar Nani, Kwamfutar Ɗaki na Sha Huɗu

Da zuciya cike da baƙin ciki da idanu jajaye, Tahmina Khatun, ɗalibar digirin digirgir a nan birnin Rajshahi, tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarta, wadda kowa a sashen ke kira Nani, wato Kaka, saboda tsufa. Ta cika ranar Talata da hantsi, tana da shekara goma sha ɗaya a duniya.

Marigayiya ta ƙare rayuwarta tana kwaikwayon duniya da lissafi. Ƙwayoyin ruwa dubu ɗari biyu, waɗanda ido ba ya gani, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana duba yadda suke kutsawa cikin yumɓu. Abin da ta gano kuma sai ta auna shi a kan katangar ƙasar da ke tare kogin Padma, don a san damina nawa za ta jure kafin ta fara yoyo. Ita kanta ba ta taɓa ganin kogin ba, bango ta fuskanta har ta koma.

Mai haƙuri ce, ba ta san gaggawa ba. Lissafin da 'yan zamani ke gamawa kafin shayi ya huce, Nani sai ta yi mako a kansa tana gurnani, "Grrr... tak, tak." Da sanyi ɗalibai kan shanya safa a bayanta, wasu su ɗumama singara, wato samosa, a kanta, ba ta taɓa cewa uffan ba.

Ciwon ajalin ya fara ne da zafin lokacin mangwaro, da ɗan tari-tari. Tahmina ta ɗauko fankar ɗakinta ta kafa mata, ita kuma ta koma fifita da kwali. Lokacin Nani na kan lissafin ƙarshe na kundin digirin, kwana arba'in da ɗaya ba tsayawa, ta kai kashi casa'in da bakwai cikin ɗari. Mahaifiyar Tahmina ma ta riga ta umarci unguwa kaf a fara kiran 'yarta Dakta.

Ranar Talatar, Tahmina ta fita wanke hannu, sai ga malaminta Farfesa Mizanur ya shigo da baƙo daga Dhaka, yana neman inda zai jona butar shayi. Ta dawo ta tarar ɗaki ya yi tsit.

"Malam, me ka cire?"

"Wayar fanka mana, 'yata."

"Malam, ga fanka nan tana juyawa."

Farfesa ya daɗe yana kallon fankar. Can ya ce, "To... ki zauna, ruwan ya kusa tafasa."

Aka mayar da waya. Nani ta ce "ƙit, ƙit," ba ta ƙara ba. Aka kira Kalam mai gyara, ya buɗe cikinta, ya fitar da ƙura cikin tafi biyu da busasshiyar tsaka, ya sunsuna, ya cire hula.

"Yaya, sai haƙuri," in ji shi. "Wannan ko da ta tashi, ba za ta gane ki ba."

Tahmina ta zauna a ƙasa ta yi kuka, baƙon Dhaka na miƙa mata biskit.

Marigayiya ta bar allo ɗaya mai koren layi a tsakiya, da linzamin kwamfuta, da firintar da dama can ba sa ga-maciji da juna. Ta bar Tahmina, wadda aka ƙara wa wata shida na karatu, a takardar da Farfesa ya sa wa hannu yana kallon silin. Ta kuma bar marayun ƙwayoyin ruwa dubu ɗari biyu, waɗanda har yau ba wanda ya san inda suka tsaya.

Za a ɗauki gawar ranar Alhamis bayan azahar, a keke mai ƙafa uku, zuwa shagon Kalam, inda za a raba sassan jikinta ga mabuƙata. Zaman makoki kwana uku ne a ɗaki na sha huɗu. Ana roƙon masu zuwa gaisuwa, don girman Allah, kada kowa ya tambayi Tahmina ko ta ajiye kwafin aikin a wani wuri. Mutum goma sha bakwai sun riga sun tambaya. Na ƙarshensu, wanda ya sha jifa da linzami, yana gida yana jinyar goshi, kuma za a haɗa jana'izar linzamin da ta marigayiya.