Dandamali Mai Tsawon Biyu

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, da ƙarfe goma na safe, a sabon zauren makarantarmu da ke Sabon Gari, ina tare da 'yan kwamitin makaranta, da Alhaji Rasaki ɗan kwangila, da kuma Bala, mai zanen ginin.

Lokacin kuɗin man fetur ne, kowa gini yake yi. Ni ne hedimasta, kuma ƙa'idata ita ce duk takardar da ta hau teburina sai ta ɗanɗani jan biro. Haka aka rene mu a makarantar mishan. Bala kuwa tsohon ɗalibina ne (na sha zane shi a kan lissafi), ya dawo daga Turai da sababbin dabaru: tagogi masu faɗi, rufi mai tsawo, fanka na lilo daga sama, yara su zauna a da'ira. Duk na haƙura. Amma da na duba zanen na ga tsawon dandamalin malami sifili ɗigo uku, sai raina ya ɓaci.

"Bala, malami ne zai tsaya a nan ko kaza?"

"Ranka ya daɗe, ai yanzu awon..."

"Ban tambaye ka yanzu ba."

Bayan fitarsa na soke lambar, na rubuta biyu, na sa hannu, na aika wa ɗan kwangila. Ƙafa biyu nake nufi, kamar dandamalin da aka koyar da mu a kai. Ban san ƙasar ta koma awon mita ba (ko kuwa na sani, na ƙi amincewa). Bala ya tafi Legas, ni kuma na tafi kwas Zariya.

Ranar da muka shiga dubawa, sai ga wani tudun siminti a gaban allo, ya fi ni tsawo, an jingina masa tsanin katako. Bala ya dafe kai.

"Alhaji, mene ne wannan?" in ji shugaban kwamiti.

"Ah, Baba, ni ma na yi mamaki o," in ji Alhaji Rasaki. "Amma jan biron Hedimasta ne. Yarana uku sun yi karatu a hannunsa, wa zai ce ya yi kuskure?"

Idanu suka dawo kaina. A nan ne mai hankali zai ce ya yi kure. Ni kuwa shekara da shekaru ba a taɓa jin wannan kalma daga bakina ba, ban ga dalilin farawa a gaban yaron da na zane ba.

"Haka na nufa," na ce. "Malami ya kamata ya ga kowa."

Na tattare babbar riga, na hau tsanin da natsuwa, na miƙe tsaye domin in yi bayani. Daidai lokacin wani ɗan kwamiti ya murɗa makunni don gwada fanka. Reshenta na farko ya ɗauke hulata, ya wurga ta ta tagar nan mai faɗi har bakin titi. Na tsuguna. Da na waiwaya neman tsani, ashe rigata ta ture shi.

"Ranka ya daɗe," in ji Bala daga ƙasa, cikin ladabi, "kana ganin kowa?"

Tun daga ranar, kafin in gyara lambar wani, nakan bari ya ƙarasa maganarsa. An rushe dandamalin. Hular kuwa, motar haya ta taka ta.