Keken Illa da Nawa

Tun da maƙwabcina Illa ya sayi keke mai faɗin taya, ba a hirar kowa a fadarmu sai tasa. Har matata ta ce, "Illa fa da keke yake zuwa Sabon Maci." Abin ya tsaya mini a rai.

Ranar kasuwa na bi shi da siririn kekena. Inda burji ya ƙare rairayi ya fara, ya rage wa tayoyinsa iska. Na yi masa dariya, na ƙara wa nawa, na wuce ina kaɗa ƙararrawa.

Ban yi nisa ba tayoyina suka nutse. Da keken a kafaɗa na shiga garin, Illa na inuwa yana shan fura.

Har yau 'yan fada tambayata suke, "Yau wa zai ɗauki wani?"